Wuni guda a dajin Żagań

Ɗan ƙanwata ne ya yanki tikitin ta waya tun da daddare. Shi ke karatu a Wrocław, a ƙasar Poland, ni kuwa baƙon mako biyu ne, na zo da saƙon uwarsa: yaji, kuka, daddawa, da faɗan da ta ce in yi masa a kan rashin kiran gida. Da na ce masa gobe Żagań nake son mu je, sai ya ɗago kai ya dube ni.

"Kawu, me ake gani a can? Duk wanda ya zo ƙasar nan Kraków yake cewa a kai shi."

Na ce masa daji ne, sai wani rami da ya riga ya rufta. Ya yi dariya, ya ce Allah ya kai mu, amma in ajiye takalmin da na zo da shi daga Kano in ari nasa. Na ce takalmin da ya ga hunturun Jos ba ya tsoron na Poland. Ya yi shiru irin na yaron da aka yi wa tarbiyya.

Mun fito bayan asuba, cikin watan Fabrairu. Jirgin ƙasan ƙarami ne, mai tsayawa a kowane ƙauye. Ya bi ta Legnica, daga nan gonaki suka fara ja baya, daji ya karɓe hanya: dogayen itatuwa miƙaƙƙu masu ganye kamar allura, a jere, ƙasansu fari fat da dusar ƙanƙara. Tafiyar awa biyu ce da 'yan kai, kuma a cikinta na ba yaron labarin abin da ya kawo ni.

Wani hoto ne. Shekarun da na yi ina koyar da tarihi a sakandare, idan muka zo kan gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka, akwai hoton da nake zagayawa da shi aji. An ɗauke shi ranar 11 ga Yuni, 1963, a ƙofar wani zaure na Jami'ar Alabama da ke Tuscaloosa. Gwamnan jihar, George Wallace, ya tsaya ya tare ƙofa don kada ɗalibai biyu baƙaƙe, Vivian Malone da James Hood, su shiga su yi rajista. A gabansa ga wani dogon Bature mai sanƙo, ya harɗe hannuwa a ƙirji, zufa na karyo masa, yana kallon gwamnan daga sama kamar malamin da almajiri ke kawo wa hadda da ƙari a ciki. Wannan shi ne Nicholas Katzenbach, mataimakin ministan shari'a a gwamnatin Kennedy. Na daɗe ina nuna hoton kafin in san cewa shekara 20 kafin wannan rana, a Yaƙin Duniya na Biyu, an kakkaɓo mutumin daga sama, kuma ya yi zaman fursuna a dajin da muka dosa.

An haife shi a Philadelphia a 1922. Ɗan gata ne: ubansa ya riƙe muƙamin babban lauyan jihar New Jersey, shi kuma yana Jami'ar Princeton lokacin da Japan ta kai hari Pearl Harbor a Disambar 1941. Ya ajiye karatu ya shiga sojan sama. Aikin duba hanya aka ba shi, a jirgin B-25 mai inji biyu, wanda ke ɗaukar mutum biyar ko shida da lodin bama-bamai. Yaran yanzu ba za su gane nauyin aikin nan ba. Babu tauraron ɗan adam, babu wayar da za ta ce maka ka yi dama. Taswira ce a cinya, da kamfas, da agogo, da fensir. Ka san gudun jirgi, ka ƙiyasta yadda iska ke ture shi, ka ƙirga mintocin da aka ci, ka ɗiga alama ka ce ga inda muke. A kan teku kuwa ba dutse ba kogi da zai gaskata ka. In lissafi ya kuɓuce maka mai ya ƙare, kai da abokan tafiyarka duk kun tafi.

A farkon 1943 rundunarsu tana Aljeriya, ana tsakiyar yaƙin Tunisiya. Sojojin Jamus da na Italiya da ke can ba su da mai, ba harsashi, ba abinci, sai abin da jiragen ruwa suka tsallako da shi daga Italiya. Shi ya sa aka tura jirage irin nasu su riƙa shawagi ƙasa-ƙasa a kan Bahar Rum suna farautar jiragen ruwan, farautar da naman ma ke riƙe da bindiga. Ranar 23 ga Fabrairu, 1943, aka harbo nasu. Shekararsa 21. Ya fara zaman fursuna a Italiya. Da Italiya ta ajiye makami a Satumbar wannan shekara, Jamusawa suka kwashi fursunonin suka yi arewa da su, har ya ƙare a Stalag Luft III, sansanin da sojan saman Jamus suka buɗe a 1942 don tsare hafsoshin sama na abokan gaba. A lokacin garin na Jamus ne, Sagan ake ce masa. Sai bayan yaƙi, da aka sake shata iyaka, ya koma hannun Poland.

"Katzenbach," in ji yaron. "Kawu, ai wannan sunan Jamusawa ne."

Na ce haka ne. Kakanni suka bar ƙasa, jika ya dawo mata a taragon fursunoni.

Tashar Żagań ta fi ƙarfin garin, tsohon gini ne mai layukan dogo da yawa. Sansanin yana kudu da ita, daf da ita ma. Gidan tarihin da aka gina don tunawa da fursunonin kuwa sai an ɗan taka, kuma muka taka ɗin, a kan titi mai santsi, ina tafe ina riƙe da hannun rigar yaron kamar shi ne babba.

Abin da ya fara tare mu a harabar gidan tarihin wani ƙaton sassaƙe ne na mutum kwance a ƙasa, ya ƙanjame, ƙasusuwa a waje. Na ɗauka na Turawan Ingila da Amurka ne, ashe ba nasu ba ne. Filin da aka gina gidan tarihin a 1971 na wani sansanin ne daban, Stalag VIII-C, inda aka tsare kuratan Poland, da na Faransa, da na wasu ƙasashe, daga baya kuma na Tarayyar Sobiyet. Tsakanin wannan sansani da na hafsoshin sama tafiyar 'yan mintoci ce, amma duniya biyu ce. Jamus ta sa hannu a yarjejeniyar Geneva ta 1929, kuma ta bi ta bakin gwargwado a kan Ingilishi da Amurkawa: ba a sa hafsa aiki, ana barin wasiƙa ta shigo, ana barin kwalin agaji na Red Cross. Sobiyet ba ta sa hannu ba, Jamus kuma ta fake da wannan, ga aƙidar Hitler ta cewa mutanen gabas ba cikakkun mutane ba ne. A cikin sojojin Sobiyet kimanin miliyan 5.7 da suka faɗa hannun Jamus, fiye da miliyan 3 sun mutu, akasari da yunwa da sanyi da cuta. A cikin Amurkawan da Jamus ta tsare, wanda ya mutu bai wuce kusan ɗaya cikin ɗari ba. Akwai kaburburan bai-ɗaya a dajin nan, ba suna. Baƙi kaɗan ne ke tambayar hanyarsu. Ni ma ba don su na zo ba, gara in faɗi gaskiya.

A bayan ginin an sake kafa hasumiyar gadi, da waya mai ƙaya, da dogon ɗakin katako irin wanda fursunonin suka kwana a ciki. Muka shiga. Gadaje ne masu hawa-hawa, da murhun ƙarfe a kusurwa, da tebur. Warin katako mai laima ya cika wurin. An ɗaga ɗakin daga ƙasa da gangan, don masu gadi su riƙa leƙa ƙarƙashinsa. Na zauna a bakin gado ɗaya, na lissafa: mutum ya tashi, a fita fili a ƙirga shi, ya dawo, da yamma a sake ƙirga shi. Tsakanin ƙirga da ƙirga babu abin da ake nema a wurinsa. Samari ne masu jini a jika, waɗanda jiya-jiya suke tsaga gajimare, yau iyakarsu wata siririyar waya da aka ja a gaban shinge, wadda duk wanda ya tsallake ta mai gadi ke da izinin harbinsa. Sansanin ya kai ga ɗaukar fursuna sama da 10,000, mafi yawansu Amurkawa.

A cikin akwatin gilashi na ga gwangwanin madarar gari mai suna Klim. Madarar takan zo a kwalin Red Cross tare da naman gwangwani, sukari, kofi, cakulan da taba. Abincin Jamusawa baƙin burodi ne da dankali da miya tsululu, kwalin nan ne ke riƙe rai. Gwangwanin kuma ba a yarwa. Da shi ake yin kofi, da fitilar aci-bal-bal mai cin kitse, da tukunya, da bututun iska. Na nuna wa yaron na ce ko maƙeran gwangwani na kasuwar Kurmi sai su sara wa waɗannan.

Daga nan muka shiga daji. Nan ne ainihin wurin, kuma babu kowa sai mu. Ɗakunan duk sun tafi, sai turakun bulo da suka ɗauke su, jere-jere a tsakanin itatuwa, gansakuka ta rufe su. Ga wani ƙaton kwatami na siminti da aka tanadi ruwan kashe gobara a ciki, ga harsashin gidan wasan kwaikwayon da fursunoni suka gina da hannunsu. Shiru har kana jin dusar ƙanƙara na zubowa daga rassa.

Ramin da ya sa sunan wurin nan ya zaga duniya an shata layinsa a bisa ƙasa, miƙe sak daga inda ɗaki mai lamba 104 yake har bayan shinge, da sunayen waɗanda suka bi ta cikinsa. Ramuka uku suka fara, suka raɗa musu Tom, Dick da Harry. Na ukun ne ya kai. Bakinsa a ƙarƙashin murhu yake, zurfinsa wajen mita 9, don kada na'urorin sauraren da aka binne a gindin shinge su ji motsi, tsawonsa ya haura mita 100, faɗinsa kuwa bai fi kamu ɗaya da ɗan ɗori ba. Daren 24 ga Maris, 1944, mutum 76 suka fita, daga cikin 200 da aka shirya. Ramin ya gaza kaiwa cikin itatuwa da 'yan taku, dole aka riƙa fita ɗaya-ɗaya ana fakon mai gadi, har aka hango na 77 gab da asuba. Uku kaɗai suka tsira, biyu 'yan Norway, ɗaya ɗan Holan. Aka kamo 73. Hitler ya ba da umarni, 'yan sandan cikinsa, wato Gestapo, suka harbe 50, aka ƙone gawarwakin, aka aiko da toka.

Na durƙusa a gefen layin, na share ƙanƙara, na tona da ɗan makullin ɗaki. Saman ƙasar toka-toka ce. Ban yi nisa ba sai ga rairayi rawaya, mai haske, lallausa kamar na bakin kogi da rani. Shi ya sa Jamusawa suka zaɓi wurin. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan masu haƙar rijiya a ƙasar jigawa ya san halin rairayi: ba ya tsayawa, kana cirewa yana biyo ka, kuma idan ya rufta ba ya sallama. Dole suka tokare ramin da katakon gadajensu, dubbai, har wasu suka koma kwana a kan igiya. Ga kuma launin, wanda ke tona asiri: ɗigo ɗaya a kan riga ya isa. Sai suka ɗinka dogayen jakunkuna a cikin wando, mutum ya cika, ya fita yawo, ya ja zare, rairayin ya zubo ta ƙafa, ya bi da takalmi ya murje. Tan sama da 100 aka ɓatar a haka. Na murza rairayin a yatsu, sanyinsa ya shige ni har gwiwar hannu.

Akwai fim da aka yi a kan wannan dare, wanda ya cika labarin da jaruman Amurka har da tsere a kan babur. Yaron ya gani, ni ma na gani. Amurkawa sun yi haƙa a farko, ba musu, amma tun Satumbar 1943 aka raba su aka mai da su wani sashe na kudu, wata shida kafin a fita. Daren da ake rarrafe a ƙarƙashin ƙasa, 'yan sojan saman Amurka suna can bayan wata wayar. Abin da ya ba ni mamaki da na duba shi ne fim ɗin ya fito a 1963, makonni kaɗan bayan hoton Tuscaloosa. Mutane na layin silima suna kallon fursunan ƙarya a kan babur, na gaskiyar yana ofis yana fama da gwamnonin kudu.

To me Katzenbach ya yi da zamansa a nan? Karatu. Ƙungiyar samarin Kirista ta YMCA da Red Cross suna aiko da littattafai, iyalai ma suna aikowa, har kowane sashe ya tara ɗakin karatu. Fursunonin da suka san wani abu suna koyar da waɗanda ba su sani ba: lissafi, shari'a, harsuna. Katzenbach ya tsara wa kansa manhaja ya zauna a kanta, kuma a ƙiyasinsa ya karanta littafi wajen 400. Da ya koma gida a 1945 ya je wa hukumar Princeton da maganar cewa karatun da ya rage masa ya riga ya yi shi a kurkuku. Suka ce ya tabbatar. Ya zauna jarrabawa, ya rubuta kundi, cikin 'yan watanni suka ba shi digirinsa. Daga nan ya yi shari'a a Yale, ya wuce Oxford.

Ina tsaye a kan turakun wani ɗaki ina ta juya wannan adadi. Ramin ya fi daɗin labari, na sani, kuma ban raina waɗanda suka haƙa shi ba. Amma cikin mutum dubu goma, waɗanda suka taɓa shiga rami kaɗan ne. Sauran jira suka yi, jiran da ba a faɗa maka ranar ƙarewarsa, kuma shi ne yaƙinsu. Wasu ya cinye su, suka kwanta suna kallon rufi. Wannan ya buɗe littafi, da cikin da ba ƙoshi, da yatsun da sanyi ya sandarar, a ɗakin da mutum goma ke surutu. Ba a yi masa layin duwatsu a daji ba.

"Kawu, kai nawa ka karanta bara?"

Na ce masa rashin wuta ne ke hana mu. Ya dubi turakun ɗakin, ya dube ni, bai ce komai ba. Uwarsa ma haka take.

Akwai wani fursunan da ban iya tsallakewa. A watan Agustan 1944 aka kawo Laftanar Alexander Jefferson, baƙar fata daga Detroit, matuƙin jirgin yaƙi daga rundunar baƙaƙe zalla da aka horar a Tuskegee. An harbo shi ranar 12 ga wata a kusa da Toulon, a kudancin Faransa. Sojan Amurka a lokacin a rabe suke, fari daban baƙi daban, wurin kwana da wurin ci, sai a 1948 Shugaba Truman ya ba da umarnin a daina. Jamusawa kuwa suka dubi muƙaminsa, suka jefa shi cikin hafsoshi 'yan'uwansa. Ya sha ba da labarin cewa fararen wani ɗaki suka zaɓe shi da kansu, don suna tsoron a cusa musu ɗan leƙen asiri, shi kuwa kowa ya tabbata ba Bajamushe ba ne. Ke nan a kurkukun Hitler ya fara kwana ɗaki ɗaya da fararen ƙasarsu. Da aka gama yaƙi jirgin ruwa ya sauke su a New York, a gindin tsani ya tarar da soja yana raba layi, farare nan, baƙaƙe can, da kalmar da ba zan rubuta ba. Ya koma Detroit ya yi koyarwa sama da shekara 30, ya rasu a 2022 yana da shekara 100. Labarinsa ya tuna min tsofaffin 'yan Burma na unguwarmu da muna yara, masu lambobin yabo a tsumma, waɗanda suka yi wa Sarkin Ingila yaƙi a daji suka dawo suka kama gadi.

Su biyun sun sha iskar dajin nan a lokaci guda. Shekara 19 bayan zuwan Jefferson, Katzenbach ya tsaya a ƙofar Tuscaloosa. Dabarar da ya yi a ranar ta mai haƙuri ce: ya bar ɗaliban a mota, ya tunkari gwamnan shi kaɗai, don kada a ce an hana su shiga ido da ido har a kai ga kama gwamna, abin da Wallace ke so ya yi suna da shi. Ya saurari dogon jawabin, ya juya, ya raka Vivian Malone ɗakin kwanan ɗalibai. Kennedy ya mai da dakarun jihar ƙarƙashin gwamnatin tarayya, da rana ta yi sanyi janar ɗinsu ya ce wa gwamna ya kauce, ya kauce. Katzenbach yana cikin waɗanda suka yi dakon dokar 'yancin jama'a ta 1964 a majalisa, kuma yana ministan shari'a aka yi dokar 'yancin zaɓe ta 1965.

Ban ɗauke shi waliyyi ba. Daga 1966 ya koma na biyu a ma'aikatar harkokin waje, kuma a 1967 ya zauna gaban majalisar dattawa yana kare ikon Shugaba Johnson na ci gaba da yaƙin Vietnam, a daidai lokacin da jiragen Amurka ke zuba bama-bamai a can, ana kakkaɓo wasu samarin ana tsare su a Hanoi. Mutumin da ya san ɗanɗanon abin. Yana wannan kujera aka fara yaƙin basasarmu, batun Najeriya da kai agaji yana bi ta teburinsa. Ya rasu a 2012, yana da shekara 90.

Wajen ƙarfe 2 na daina jin yatsun ƙafata. Takalmin Kano ya sha ruwa, safa ta jiƙe, kowane taku kamar a kan ƙusa. Yaron ya zaunar da ni a kan wani kututture, ya ciro busasshiyar safa daga jakarsa, ya zuba min shayi daga fulas. Ashe tun gida ya shirya wa taurin kaina. A nan na ba shi labarin ƙarshen sansanin, haƙorana na haɗuwa.

Daren 27 ga Janairu, 1945, sojojin Sobiyet sun matso har ana jin rugugin igwa. Aka ce wa fursunoni su tattara, wasu minti 30 kawai aka ba su. Suka farfasa gadaje suka yi abin jan kaya a kan ƙanƙara, suka cusa abinci da taba, suka fita cikin dare, sanyi ya yi ƙasa da sifili sosai. Tafiyar ƙasa ta wajen kilomita 80 suka yi zuwa Spremberg, ana kwana a rumbuna da coci-coci da masana'antu. Masu gadin nasu da yawa tsofaffi ne, wasu ma sun fi fursunonin galabaita. A Spremberg aka loda su a taragon dabbobi, mutum 50 ko fiye a inda aka yi don 40. Amurkawa da yawa suka ƙare a Moosburg, a kudancin Jamus, sansanin da aka gina don mutum 10,000 amma ya tara sama da 70,000. Nan tankokin Amurka suka iske su ranar 29 ga Afrilu. Ni awa huɗu na yi a ƙanƙarar, da ƙoshi, da wanda ke ɗauke min jaka. Littattafan ɗakin karatun kuwa, wa zai ɗauki littafi ya bar gwangwanin nama? A baya aka bar su.

Muka tsaya a ɗan ginin duwatsun da fursunoni suka yi wa mutum 50 ɗin nan da izinin kwamandan sansanin. Sunayen na nan a jere bisa allunan dutse, tokar kuwa an mai da ita maƙabartar sojoji a Poznań bayan yaƙi. Wani ya ajiye fitilar gilashi ja irin ta mutanen Poland, ta mutu. Rana ta riga ta karkata, don la'asar a hunturun nan kusan tare take zuwa da azahar. Yaron ya duba alƙibla a waya, ya shimfiɗa rigar ruwansa a gefen hanya, muka haɗa sallolin biyu a gaggauce. Wata tsohuwa mai yawo da kare ta ja igiyarsa ta tsaya nesa har muka sallame, sannan ta wuce tana ɗan sunkuyar da kai.

A gari muka sami shagon wani Baturke mai gasa nama, muka zauna kusa da na'urar ɗumama ɗaki, na tuɓe takalmin a ƙarƙashin tebur ba kunya. Żagań garin sojoji ne har yau, akwai babban barikin tankokin Poland, kuma tun 2017 sojojin Amurka ke zuwa suna zama bi da bi. Muna cikin ci sai ga huɗu sun shigo da kakinsu, suna karkaɗe ƙanƙara daga hula. Ba wanda ya haura sa'ar ɗan ƙanwata. Biyu farare, ɗaya kamar ɗan Meziko, ɗaya baƙi wuluk kamar ɗan Gashuwa, kuma shi ne ya yi musu odar abincin, sauran suna zolayarsa a kan yawan yajin da ya ce a zuba. Da ya juyo ya gan mu ya ɗaga haɓa, gaisuwar da baƙi ke yi wa baƙi a ƙasar da ba su da yawa. Na ɗaga masa hannu. Na so in tashi in tambaye shi ko an taɓa kai su dajin, ko ya san sunan Jefferson, har na fara laluben takalmi da ƙafa.

"Kawu, saura minti 20, kuma da wannan ƙafar taka sai mun yi 15 kafin tasha."

Na tura ƙafa cikin jiƙaƙƙen takalmin, ya biya kuɗin, muka fita.